Zarton da muka zaɓa saboda tarin Kawu

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Kawunmu a Tambuwal da rana tsaka ya san hasken nan da ke saukowa ta ramin ƙusa a rufin kwano. Siriri ne kamar zare, yana sauka daidai kan bencin aiki. Tun muna aji ɗaya na ƙaramar sakandare muke kallonsa, kuma 'yan ƙananan abubuwan da ke yawo a cikinsa ba su taɓa ba mu tsoro ba, sha'awa ma suke ba mu. Sai bara, da muka shiga aji biyu na babbar sakandare, muka gane cewa abin da ke rawa a cikin hasken nan shi ke hana Kawu barci.

Mu biyu ne, iyayenmu mata ya da ƙanwa. Ɗayanmu haifaffen Tambuwal ne, ɗayan kuma daga Kebbe aka kawo shi karatu. Ɗaki ɗaya muke kwana, aji ɗaya muke, in an tashi daga makaranta kuma shago ɗaya muke nufa. Kawu kafinta ne da ya haura shekara talatin a sana'ar. Yana yin gadaje da akwatunan tufafi na amare, da ƙyamaren ƙofa, da bencina na makarantu. Namu aikin bai wuce riƙe katako, gugar samfefa, shafa gam da shara ba. Sharar nan, daga baya muka sani, tana cikin abubuwan da muke yi ba daidai ba.

Tarin Kawu ya daɗe. Da hunturu sai a ce ai ƙurar hunturu ce, kowa ma tari yake yi. Amma damina ta zo ta wuce bai daina ba. Da dare ya fi tsananta, har da wani fito a ƙirji kamar ana busa sarewa daga nesa. Maganinsa kuwa shi ne wanda kafintoci da yawa suka yarda da shi: in an tashi aiki a sha gwangwanin madara, wai tana wanke ƙura. Mu ma mun sha, don wa zai ƙi madarar kyauta? Sai a darasin nazarin halittu muka ga zanen maƙogwaro, muka ga hanyar abinci daban, hanyar iska daban. Madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu.

Abin da ya buɗe mana ido shi ne wani biki da aka yi a Kebbe. Kawu ya je ya yi kwana tara, ya dawo ras, har matarsa ta ce ruwan Kebbe ya karɓe shi. Kwana uku da komawarsa shago, tari ya dawo. Da ƙirjin ya matsa masa aka kai shi asibiti a Sakkwato, likita ya yi masa wata tambaya da ba wanda ya taɓa yi masa: in ka yi nesa da wurin aikinka, kana samun sauƙi? Da ya ce e, likitan ya ce alama ce ta asma da sana'a ke jawowa. Ya ba shi abin shaƙa, ya ce magani zai taimaka, amma muddin yana shaƙar abin da ke tayar da ita, ba za ta bar shi ba.

A Kebbe kakanmu ya yi sassaƙa har tsufansa. Turmi da taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, kujerar mata, duk da gatari da gizago yake yin su, a ƙarƙashin inuwa, iska na kaɗawa ta ko'ina. Ba mu taɓa jin an ce itace ya sa shi tari ba, shi ya sa Kawu ya ƙi yarda da farko. Yana cewa da Sakkwatancinsa, "Baba shekara nawa shina sassaƙa, mi ya same shi?" Malamin kimiyyar lissafi na makarantarmu ne ya warware mana wannan. Ya ce gizago ɓarzaje yake fitarwa, masu nauyi, su faɗi ƙasa nan take. Inji kuwa faifansa na juyawa sau 4,000 zuwa 5,000 a minti ɗaya, yana niƙe katako ya zama gari. Dusar da muke gani a ƙasa ita ce mai sauƙin sha'ani. Mai haɗarin ita ce wadda ido bai cika gani ba sai a cikin haske irin na rufinmu. Kaurin gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙurar da ta gaza maikiron 10 tana iya wuce gashin hanci da majina ta gangara cikin ƙirji, kuma tana daɗewa tana shawagi a ɗaki bayan an kashe inji.

Ga kuma bambancin itacen. Yawancin katakon da Kawu ke aiki da shi daga kudu manyan motoci ke hawowa da shi ta Kwantagora da Yawuri da Jega: obeche, afara, iroko. Obeche fari ne, mai taushi, mai daɗin aiki, amma an san shi a duniya da jawo asma ga masu aikinsa. Iroko ma haka, har da ƙaiƙayin fata. Sai allunan nan na MDF da amare ke so yanzu saboda santsinsu, waɗanda garin katako ne aka matse da wani gam mai sinadari. Ƙurarsu ta fi kowace laushi, kamar hoda.

Malamin ya ƙara mana da wani labari. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura cewa wani ciwon daji na cikin hanci, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, ya yi yawa a tsakanin masu yin kujeru na garin Hai Wikam. A 1995 hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ƙurar katako a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Ya ce kada mu firgita, ciwon ba mai yawan aukuwa ba ne, asma da mura da ciwon ido su suka fi addabar kafinta. Amma ya ba mu wani ma'auni da bai fita kanmu ba. A Ingila doka ta ce ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi. Ƙwayar shinkafa ɗaya wajen miligiram 20 ce. Muka tuna yadda shagonmu ke zama bayan an tsaga obeche, har girarmu ta yi fari kamar tsofaffi, muka kalli juna.

A daidai lokacin ne kuɗin adashen Kawu suka fito. Shekara biyu yana burin sayen injin zarto mai yankan kusurwa, irin wanda faifansa ke saukowa daga sama kamar ana sara, kuma ana iya juya shi zuwa kusurwar da ake so. Wanda ya yi darasin fasaha a ƙaramar sakandare zai tuna haɗin nan da ake yanka bakin katako biyu a digiri 45, a haɗa su su ba da digiri 90, kamar kusurwar firam ɗin madubi. Da zarton hannu, in ka kuskure ko da digiri ɗaya, haɗin zai buɗe baki, sai an cike da gam da dusa, kuma uwar amarya mai ido za ta gani. Bayan kaka aikin aure ke yawa, Kawu kuma yana rasa wasu ayyukan saboda jinkiri. Injin zai kawo kuɗi, ba musu. Amma inji ne na uku da zai shigo shago mai taga ɗaya, ga mai shagon da abin shaƙa a aljihu.

Ba mu da bakin hana shi, kuma ba ma so ya fasa. Abin da muka roƙa shi ne ya tafi da mu. Ranar wata Asabar muka shiga mota, muka bi ta Shagari da Bodinga, tafiyar wajen kilomita 100, muka isa Sakkwato kafin hantsi ya yi zafi.

A shagon da muka fi daɗewa akwai inji biyu da suka dace da aljihun Kawu. Babban yana da faifai mai faɗin milimita 305, ƙarfinsa wat 2,000, ja ne, yana ƙyalli. Ƙaramin faifansa milimita 216 ne, wat 1,400, amma kansa na zamewa gaba da baya a kan sanduna biyu, don haka yana iya yanka allo mai faɗin kusan santimita 30. Idon Kawu na kan babban tun daga bakin ƙofa. Mai shago ma shi yake turawa, yana cewa ai ga jakar ƙura a bayansa, ba ruwanka da shara.

Jakar nan ita ce tarkon farko, kuma da ba a gargaɗe mu ba da mun faɗa. Kusan kowane inji irin wannan yana zuwa da 'yar jakar ƙyalle a baya. Ba abin da ke jan ƙura zuwa cikinta sai iskar da faifan ke kaɗawa, don haka abin da ya faɗa ciki sa'a ce. Mai laushin ma tana iya ratsa ƙyallen ta fito. Muka roƙi mai shago ya bari a gwada. Bai so ba, sai da Kawu ya sa baki. Muka fito da guntun obeche da muka zo da shi, muka shimfiɗa baƙar leda a bayan kowane inji, aka yi yanka biyar biyar. Muka kuma kunna fitilar waya daga gefe don mu ga abin da ke tashi sama.

Gaskiya ko ɗaya bai burge mu ba. Duka ledojin sun yi fari. Wannan nau'in inji haka halinsa yake, faifansa a fili yake, yana watsa ƙura baya da gefe. Bambancin yana cikin ƙirar bayan faifan. A babban, ramin da ƙura za ta bi yana can sama, nesa da inda haƙora ke cin katako, kuma hanyarsa ta lanƙwashe. A ƙaramin akwai wani leɓe na roba kamar mazurari da ke saukowa kusa da katakon, daidai inda ƙurar ke fitowa, ramin kuma a miƙe yake, faɗinsa ya yi daidai da bakin tiyon injin zuƙar ƙura. Mai shago yana da irin wannan injin na hannu, wat 1,000. Muka sa aka jona shi da kowanne, aka sake yanka a kan sabuwar leda. A babban an samu sauƙi kaɗan. A ƙaramin, abin da ya zuba bai fi a share da tafin hannu ɗaya ba, hasken fitila ma bai nuna hayaƙin nan mai kauri ba.

Nan lissafi ya shigo, irin wanda muke ƙorafi a kansa a aji. Aikin shagonmu rabinsa a kan janareta yake, kuma janaretan Kawu wat 3,000 yake bayarwa in yana cikin ƙoshin lafiya. Babban zarto da injin zuƙa sun kai 3,000 cif, ga shi kowane inji yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa a daidai lokacin tashi. Ke nan in aka sayi babban, ko da an samu kuɗin injin zuƙa daga baya, janareta ba zai ɗauke su tare ba. Ƙaramin da injin zuƙa 2,400 ne, kuma ƙaramin yana da tsarin tashi a hankali, ba ya fizgar wuta gaba ɗaya. Kuɗin su biyun kuma ya ɗan haura na babban kaɗan. A bayan takardar rasit muka rubuta wannan muka miƙa wa Kawu, hannunmu na rawa, don ba a saba yaro ya koya wa maigidansa sayen kayan aiki a gaban baƙo ba.

Ya daɗe yana kallon takardar. Mun san abin da ke ransa. Akwai wani kafinta a layinmu da ke da babban inji, kuma ba daɗi a ce bayan shekara talatin ka dawo daga birni da wanda bai kai nasa ba. Akwai kuma gaskiyar cewa ƙaramin ba zai yanka katako mai kauri sosai a sara ɗaya ba, sai an juya shi. Mai shago ya ce, "Alhaji, yara ne, bar su da boko." Kawu ya buɗe baki zai amsa, sai tari ya sarƙe shi, saboda ƙurar gwajin da muka tayar. Ya fita waje, ya shaƙi maganinsa, ya dawo idonsa jawur. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗaure min wanga ƙaramin, da abin shan ƙura nai."

Da mun ce daga nan komai ya daidaita, da mun yi ƙarya. Kwana biyu da fara aiki injin zuƙa ya daina ja. Matatarsa ta toshe da gari, sai an fita waje an kakkaɓe, mai kakkaɓewar kuma ya shaƙi abin da ake gudu. Muka koma wurin malaminmu. Ya zana mana bokiti mai murfi da bututu biyu: ɗaya ya shiga ta gefe a karkace, daga zarto, ɗaya ya fita ta tsakiyar murfi, zuwa injin zuƙa. Iska in ta shigo a karkace sai ta riƙa zagaya cikin bokitin kamar guguwa, dusa mai nauyi ta bugi bango ta zame ƙasa, iska mai sauƙin ƙura ta fita ta tsakiya. Bokitinmu na farko na roba ne mai laushi, muna kunna inji ya lotse kamar an taka shi, Kawu ya yi dariyar da ya daɗe bai yi irinta ba. Na biyu tsohon bokitin fenti ne mai kauri, muka liƙe bakin murfin da robar tayar keke. Shi ke aiki har yau, matatar kuma sai ta yi mako ba a taɓa ta ba.

Sauran gyaran ba su ci kuɗi ba. Muka matsar da zarton bakin ƙofa, bayansa na kallon waje, muka yi masa rumfa da ragowar falanki don ta tare abin da ya kuɓuce. Muka daina sharar busasshiyar ƙasa, sai mun yayyafa ruwa, don tsintsiya tana mayar da ƙurar da ta kwanta cikin iska. Muka daina hure katako da baki bayan gugar samfefa, abin da kowane ɗan koyo ke yi ba tare da tunani ba. Takunkumin ƙyalle da ya rage mana tun zamanin korona ma muka ajiye shi, don ba ya tare gari mai laushi. Wanda ake buƙata shi ne mai alamar N95 ko FFP2 a jikinsa, FFP3 ya fi, kuma sai ya manne da fuska ba ta inda iska za ta kurɗa. A nan Kawu ke da matsala, domin gemunsa ba ya barin takunkumi ya zauna daram. Wannan ya ƙara nuna mana dalilin kama ƙurar tun daga bakin faifai, kafin ta kai ga fuskar kowa.

Wani abu kuma, tunda mun san akwai masu karanta wannan shafi da ke zuwa shagon kafinta bayan makaranta. Har yau Kawu bai yarda ɗayanmu ya kunna zarton nan in ba ya tsaye a wurin ba, kuma muna ganin daidai ya yi. Marufin faifan dole ya riƙa komawa da kansa in an ɗaga hannu, ba a ɗaure shi da waya don sauri. Hannu ya yi nesa da layin yanka, ba a ɗaga faifai sai ya tsaya cak, ba a yanka guntun da ya yi ƙanƙantar da ba za a iya riƙe shi lafiya ba. Ƙura a hankali take cutarwa, faifai kuwa cikin ƙiftawar ido.

Dusar da ke taruwa a bokiti ta zama ɗan jarinmu. Da can a bayan shago ake zubar da ita ko a ƙone. Yanzu mata masu murhun dusa suna aiko yara su saya, kuɗin kuma Kawu ya bar mana, da su muka biya rabin kuɗin littattafan wannan zangon. Ta MDF kaɗai muke warewa, ba ma sayar da ita ga mai girki ko mai kiwon kaji saboda gam ɗin da ke cikinta. In za a yanka MDF sai mun juye bokiti tukuna, wani lokaci muna mantawa, buhu guda ya lalace.

Tarin Kawu bai tafi ba. Ya ragu, yana samun barci, abin shaƙarsa na daɗewa kafin ya ƙare, amma tsohon injin tsaga katako da wani mai walda ya haɗa masa tun kafin a haife mu yana nan, ba shi da ramin ƙura ko ɗaya, kuma shi ke tayar da mafi yawan abin da ke cikin shagon. Ranar da aka tsaga obeche, zaren hasken nan na rufi yakan cika fal kamar da. Mun auna ƙarƙashinsa, mun zana akwatin da za a rufe shi da shi a jona tiyo, zanen yana cikin littafin fasaharmu, muna jiran hutun ƙarshen zango.

Makon jiya aka kawo wani sabon yaro koyon aiki, ɗan aji ɗaya, daga wani ƙauye kusa da Dogon Daji. Ya ɗauki tsintsiya zai fara shara, kafin mu yi magana Kawu ya riga mu daga inda yake zaune. "Kai, aje tsintsiyag ga. Ɗebo ruwa tukun."